Kwalba Mai Harafin D

Masu bin labarin nan, na ga saƙonninku tun ranar da na ce zan ɓata wa Remek ranarsa. Wata ta ce ba ni da imani, wani ya ce in ji tsoron Allah in bar bawan Allah ya ci guminsa. Na gode. Yau zan zayyana muku komai tun daga tushe, saboda wanda yau ya fara karantawa, sannan kowa ya yanke mini hukuncin da ya ga dama. Abu ɗaya zan faɗa tun yanzu, ban yi nadama ba.

Sunana Jagoda Wilkosz, shekarata ashirin da tara, ina zaune da Mamata a hawa na huɗu a wani tsohon bene a Lublin, ƙasar Poland. Aikina gadin na'ura guda ɗaya ne a ɗakin gwaji na cibiyarmu. In kunna ta da safe, in jira fitilarta ta yi zafi, masu neman digiri su kawo mini kwalabensu in auna musu, su kwashi sakamako su je su sa sunansu a takarda. Da ni ma cikinsu nake. Digirin dakta nake yi, kuma aikin da ake ta yi wa Remek tafi a kansa yanzu, ni na haƙa rijiyarsa.

Bari in yi muku bayanin aikin yadda nake yi wa Mama, don ita ma ban da ɗinki ba ta san komai ba. Muna dafa wasu ƙwayoyi na tsatsar ƙarfen kobalt a cikin ruwa, ƙanana ƙwarai, dubu a jere ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. In ka bar su su kaɗai, haka za su tashi ba karkata. Amma in ka zuba musu wata farar hoda da ake kira peptid tun suna tasowa, sai ta manne musu ta murɗe su gefe guda, yadda ake murɗa igiya. Hodar nan iri biyu ce, L da D, kamar tafin hagu da na dama. Ido ba ya raba su, sikeli ba ya raba su, haske kaɗai ke tona asirinsu. Na'urata tana harba haske mai juyawa hagu da mai juyawa dama ta cikin ruwan, ta ga wanne ƙwayoyin suka fi sha. In da L aka dafa su, layi ya yi tudu a allo. In da D ne, dole ya yi kwari daidai girman tudun. In ba ka nuna duka biyun ba, babu wanda zai yarda hodar ce ta murɗe su.

Tudun na same shi tun shekarata ta farko. Farfesa Oleksiak, wadda babu wanda ya taɓa ganin haƙorinta, ta kalli allo ta ce a sayo mini D. Sati shida ana jira kafin ta iso daga waje. Ranar da ta zo na narka ɗan kaɗan na auna hodar kanta, D ce tsaf. Na buga takardar na liƙa a littafina, na rubuta D a murfin da jan farce don kada ƙanƙara ta goge. Washegari Babana ya faɗi a tashar bas, bai ƙara tashi ba. Kwana tara na yi ban leƙa aiki ba. Makullin durowata ta firiza kuwa na bar wa Remek, abokin karatuna a ɗakin gwajin, don nasa wurin ya cika.

Na dawo da baƙaƙen kaya da kumburarrun idanu, na dafa ƙwayoyina da D. Layi ya yi tudu. Na sake, tudu. Na canza ruwa, na wanke kwalabe da asid har fatar yatsuna ta ɗaye, tudu. Wata goma sha ɗaya ina wannan haukan. Kada ku tambaye ni abin da ya hana ni sake gwada hodar, na tambayi kaina ya fi sau dubu. Ni na gwada ta da hannuna, ni na rubuta harafin, ga takarda liƙe a littafi. Na zargi ruwa, na zargi na'ura, na zargi kaina, ko da wasa ban taɓa zargin kwalbar ba.

A taron wata Talata, gaban mutum goma sha huɗu, Farfesa ta ce abu biyu ne: ko dai tudun nan datti ne tun asali, ko kuma hannuna ba na wannan aikin ba ne. Ta ce za ta ba Remek ya duba. Ya yi odar sabuwar hoda, sati uku da isowarta ya kawo kwari mai kyau kamar an zana. Aka sauke ni daga digirin cikin ladabi, aka ba ni na'ura. Da takardar ta fito a mujalla, sunaye biyar ne a sama. Ni ina can ƙasa cikin ƙananan haruffa, an gode wa J.W. da taimakon awo.

A satin da aka sauke ni Remek ya fara raka ni tashar bas. Remigiusz Sadlak, dogo, mai sanyin murya, ɗan wani ƙauye can gabas kusa da kan iyaka, irin mazan da ke tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba sai an ce musu ba. Ya gyara wa Mama ƙofar kabad, ya hau mata da buhun dankali hawa huɗu, har ya zama ba a zuba romon kaza ranar Lahadi sai ya iso. Tun lokacin Mama take kiransa Dakta. Ni kuwa ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi, so na gaske. Lokacin da kowa ke bina da kallon tausayi a baranda, shi kaɗai ne bai taɓa cewa kuskurena ne ba. Na ɗauka ƙauna ce ta ɗaure masa baki.

Wata ɗaya da ya wuce ya zo gida ba na nan, da furanni da kwalin cakulan, ya nemi izinin Mama ya aure ni. Shirinsa shi ne ranar da zai kare kundin digirinsa, a wajen walima, ya durƙusa ya miƙa mini zobe a gaban dangi da malamai. Mama ba ta iya riƙe magana ba, ko kwat ban cire ba ta juye mini komai, sannan ta ce in yi kamar ban sani ba. Washegari ta sayo yadi kore mai duhu na rigar da zan sa ranar, ta shimfiɗa a teburin cin abinci, muka koma ci a kan gwiwa.

Saura sati biyu ya kare kundin, firizar ɗakin gwaji ta cika da ƙanƙara har ƙofarta ta ƙi rufuwa, aka ce in kwashe tarkacen da ba shi da mai shi. A can ƙurya na ci karo da kwalbata, jan D ɗin yana nan ras, hoda ta kai rabi. Na'ura a kunne take, wanda zan yi wa awo ya makara. Ban san abin da ya kai ni ba, wataƙila bankwana nake so in yi da ita. Na narka ɗan kaɗan na saka. Layin da ya fito ba na D ba ne. Na ɗauko L sabuwa na auna, layukan biyu suka hau kan juna kamar guda. Sau uku na maimaita.

Na zauna. Abin da ya fara zuwa mini ba fushi ba ne, wani sanyi ne ya sauka a ƙirjina, ashe ba ni ba ce. Sai tambaya ta biyo baya. Remek mutum ne da ke yanka takardar tace ruwa gida huɗu don kada a yi asara, abin da kowa ke jefarwa shi wankewa yake yi ya adana. Wannan mutumin aka miƙa wa aikina, ga rabin kwalbar D a firiza, bai taɓa ta ba, ya zauna sati shida yana jiran sabuwa. Na ɗauki waya.

"Na ga tsohuwar kwalbata ta D a firiza, da sauran hoda da yawa. In ba ɗaliban bana?"

Mutumin da sai ya yi awa biyu kafin ya amsa saƙo, ko minti ba a yi ba ya rubuto: "A'a. Jefar da ita."

"Me ya sa? A ƙanƙara take fa."

"Ta lalace."

"Ka taɓa gwada ta ne?"

Na ga alamar yana rubutu, ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. 

Ba a yi minti ashirin ba ya shigo ɗakin na'ura, farar rigarsa a buɗe, ya rufe ƙofa a hankali. Na juya masa allo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a kan kwalin safar hannu ya fara magana yana kallon takalminsa. Wai rana ta uku da rasuwar Baba ya jawo akwatina don ya cusa nasa, ya buɗe kwalbar ya ga yadda take, ta suɓuce, hodar ta watse a ƙasa cikin ruwan ƙanƙara. Tsoron Farfesa ya kama shi. Ya ɗebo L daga babbar kwalba ya cika, da niyyar ya nemo D a ɓoye ya musanya kafin in dawo. Sai ya tarar oda ba ta fita sai da sa hannun Farfesa. Ya ce gobe zai faɗa, ya ce jibi. Da ya ga na fara kuka a kan tudu, sai faɗar ta ƙara yi masa nauyi.

Na ce, "Wata goma sha ɗaya, Remek. Kai kake kawo mini shayi ina wanke kwalabe."

"Na sani."

"Ran Talatar nan kana zaune a gefena. Har gwiwarka tana taɓa tawa."

Ya kira ni da sunan lelen da ya saba. "Na sani, Jagodka. Shi ya sa na yi wa kaina alkawari zan kula da ke har ƙarshen raina. Ba za ki taɓa rasa komai ba."

Jama'a, da ya tsaya a zubar da hoda, wallahi wataƙila da na yafe, don hannu yana suɓucewa, ni ma na fasa abubuwa. Wannan maganar ce ta kashe shi a zuciyata. Ashe buhun dankali da ƙofar kabad da rakiyar tashar bas duk kaffara ce. Ni ce sadakar da yake bayarwa don lamirinsa ya ƙyale shi. Na ji ƙiyayyarsa ta taso mini tun daga ciki har ɗacinta ya zo bakina.

Duk da haka na ba shi hanya, ku rubuta wannan ku ajiye, ku masu cewa ba ni da imani. Na ce ya je wurin Farfesa da ƙafarsa kafin ranar kare kundi, ya faɗa mata da bakinsa. Ya ce bayan an gama. Wai in ya faɗa yanzu za a ɗage ranar, ga shi babansa ya riga ya yanka alade ya ɗauki hayar ƙaramar bas, mamarsa ta sanar a coci. Wai kuma sakamakonsa gaskiya ne, babu ƙarya a kwarin da ya samu.

"In aka tono wannan yanzu, wa zai amfana?" in ji shi.

Na ce, "Ni."

Ya kalle ni kamar na yi masa wani yare. Ya miƙo hannu wai in ba shi kwalbar ya jefar. Na ce ni zan jefar da abina, na yi masa murmushi, har na gyara masa kwalar riga. Ya fita yana ajiyar zuciya, ya ɗauka an gama.

A wurinmu ana ajiye kundi a ɗakin karatu kafin ranar karewa, kowa ya duba. Ban taɓa buɗe nasa ba, don raina ba ya so. Ranar na je na zauna na karanta shi daga bango zuwa bango. A shafi na arba'in da ɗaya na samu kaina, layi biyu kacal: yunƙurin farko da aka yi a ɗakin gwajinmu bai yi nasara ba, saboda rashin tsabtar aiki daga wajen mai gwajin. Shi ya rubuta wannan da hannunsa, yana sane, wataƙila ma ranar Lahadi ce bayan ya tashi daga kan romon Mama. Na ɗauki hoton shafin da waya. Kwana goma sha uku yana turo mini barka da safiya da hoton zuciya, ina mayar masa da biyu. Ofishin Farfesa kuwa ko kusa da ƙofarsa bai je ba, ina lura, don daga kujerata ana hango ta.

Ran Laraba Mama ta ɗora ni a kan kujera tana daidaita gindin rigar, allurai cike da bakinta. Na gaya mata komai a hankali, tun daga kwalba har shafin nan. Ta saurara tana jan yadi, ta zare allurai ɗaya bayan ɗaya.

"Saboda gari, Jagoda? Cokali ɗaya na gari?"

"Ba gari ba ne, Mama, sunana ne."

"Suna ai canzawa za ki yi, Sadlak za ki koma. Ɗaga hannu."

Na ɗaga. Ta ci gaba da cewa karatun ya ɗan fi ƙarfina ne kawai, kuma wannan ba abin kunya ba ne, kowa da inda Allah ya tsaga masa. Wai namiji da ba ya sha, yana zuwa coci, yana wanke kwanonsa, ba a tsintarsa a bas. Wai na kusa talatin, ita kuma gwiwoyinta sun fara gaya mata magana. Na gane ba ta fahimci komai ba, ta ɗauka irin faɗan da ake yi ne gab da biki. Na bar ta ta gama. Rigar ta yi kyau, ba zan hana ta haƙƙinta ba: dogon hannu, wuya a rufe, ƙananan maɓallai goma sha huɗu a baya da ta lulluɓe da yadin ɗaya bayan ɗaya.

Ran Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya na safe zaure ya cika. Kwamiti a dogon tebur mai koren mayafi, Farfesa Oleksiak a gefe, dangin Remek sun cinye layi uku, furanni a cinyar kowa. A ɗakin da ke kusa an jera tsiran alade da kek da kwalabe, ƙamshi yana shigowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Mamarsa, wata 'yar gajeriyar mata mai taurin tafi, ta sumbace ni sau uku a kumatu ta ce, "'Yarmu." Wannan ya soke ni, ba zan ɓoye ba. Remek yana cikin baƙar kwat, aljihunsa na dama ya ɗan kumbura da ƙaramin akwatin zobe. Ni kuma a jakata akwai littafina, da takardu biyu, da ƙaramin filas na shayi cike da ƙanƙara.

Ya yi bayani tsaf, ba gargada. Da ya nuna tudu da kwari a allo ɗaya suna kallon juna, wani tsohon malami daga cikin masu duba kundin har ya gyaɗa kai ya ce ya daɗe bai ga hoto mai tsabta haka ba. Suka karanta ra'ayoyinsu, ya amsa, Mama tana ta zungurina da gwiwar hannu kamar ita ta haife shi. Sai shugaban kwamiti ya duba agogo, ya yi tambayar da doka ta ce a yi, wadda kowa ya san ba a amsawa: ko akwai mai tambaya daga cikin jama'a. Har ya fara tattara takardunsa.

Na miƙe.

Shugaban ya leƙo ta saman tabarau. Ya ce in faɗi sunana, don duk tambayar da aka yi a nan sai an rubuta ta da amsarta. Na faɗa a cike, na jira har na ga alƙalamin sakatariya ya tsaya. Mama ta ja mini gefen riga, na zame.

Na ce, "A shafi na arba'in da ɗaya an rubuta cewa yunƙurin farko ya gaza saboda rashin tsabtar aiki daga wajen mai gwajin. Ni ce mai gwajin. Ina so ɗan takara ya bayyana wa kwamiti wane rashin tsabta ne, kuma hannun wa ya yi shi."

Na taka har gaban tebur, takalmina kaɗai ake ji. Na kwance filas, na ciro kwalbar na tsayar a kan koren mayafi. Na ajiye takardu biyu a gefenta, na ce wannan awon hodar ne ranar da ta iso, wannan kuma awonta ne sati biyu da suka wuce, kwalba ɗaya, kuma na'ura tana hawa na ƙasa a kunne ga duk mai son ya gwada da kansa. Tsohon malamin nan ya jawo takardun. Bai yi daƙiƙa goma ba ya ɗago, don ga wanda ya san aikin, abin a bayyane yake.

Remek zai iya yin ƙarya. Na san haka tun a gida, kuma na shirya masa saƙonninsa a waya. Ya kalli mamarsa, ya kalli babansa da ke riƙe da hula a gwiwa, ya kalle ni. Leɓensa ya yi fari.

Ya ce, "Ni na zubar da hodarta. Na cika kwalbar da L. Ban gaya wa kowa ba."

Sakatariya ta ce ya ɗan ɗaga murya, ba ta ji ƙarshen ba. Allah ya yi wa matar nan albarka. Ya maimaita, har na bayan zaure suka ji.

Farfesa Oleksiak ba ta motsa ba. Tambaya ɗaya ta yi masa, a hankali, ko ya san da haka ranar da ta yi mini magana a taro.

"Na sani, Farfesa."

Ta juyo ta kalle ni. Shekara biyu da rabi ina jiran in ga fuskar matar nan ta canza, kuma na gani, jini ya hau mata tun daga wuya har kunne. Shugaban ya ce jama'a su fita, kwamiti zai zauna a asirce.

Muka fito baranda. Danginsa suka taru a bakin taga, furanni a sunkuye, babu wanda ya kalli ɗakin walima. Remek ya zo ya tsaya a gabana, hannunsa a aljihun dama.

"Kin ji daɗi yanzu?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Kuma gaskiya na faɗa. Daɗi nake ji har cikin ƙashina, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Mamarsa kaɗai na kasa kallo, don ita ba ta yi mini komai ba. Ya buɗe baki zai ƙara magana, babansa ya kira shi da cikakken sunansa, ya juya ya tafi kamar ɗan firamare.

Mama tana zaune a benci ita kaɗai, jakarta a ƙirji, ta riƙe da hannu biyu. Na zauna kusa da ita ina jiran faɗa. Na shirya jin cewa na watsa mata ƙasa a ido, na kori miji, na ɓata yadi. Sai ta yi magana tana kallon bango.

"Wato duk kukan da kike yi a banɗaki ki kunna famfo don kada in ji, ba laifinki ba ne?"

"A'a, Mama."

"Ashe kanki ya ɗauki karatun."

"Ya ɗauka, Mama. Tun shekarar farko."

Ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa. Sai ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Wai da aka sauke ni, maƙwabta suna ta tambayarta a matakala yaushe za a sha bikin digiri. Don kada a ce an kore ni da wani abin kunya, sai ta riƙa ce musu karatun ne ya fi ƙarfin kaina. Ta faɗa wa na hawa na ɗaya, ta faɗa wa mai kantin burodi, ta faɗa wa matan coci, har ta faɗa wa Baba a kan kabarinsa don ya yi haƙuri da ni. Tana faɗa muryarta tana karyewa.

Ƙofar zaure ta buɗe, sakatariya ta leƙo. Ta ce kwamiti yana so in shigo da littafina, kuma Farfesa ta ce a fara tun daga shafin farko. Remek ba a kira shi ba. Na miƙe ina lalubar jaka, Mama ta riƙe mini hannun riga, ta share fuska da bayan hannu.

"Shiga ki nuna musu, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Ni bas zan hau in koma gida."

Na ce ta jira ni mu tafi tare, gwiwoyinta ba za su so matakala ba.

Ta ce, "Ba sama zan hau ba tukuna. Daga hawa na ɗaya zan fara, ƙofa ƙofa."